Daga Santi Zuwa Sani: Yadda Na Koyi Ɗanɗanon Shinkafa a Ƙasar Kura

Gabatarwa

A lokacin da nake tattara bayanai domin kundin digirina na biyu, wanda ya shafi kalmomin ɗanɗano da ƙamshi a Hausa, na lura cewa kaso mai tsoka na abin da masana harshe suka rubuta kan wannan fanni a harsunan Turai, a kan giyar inabi aka gina shi. Littafin Adrienne Lehrer mai suna Wine and Conversation, wanda ya fito a 1983, yana daga cikin na farko da aka nuna mini. Ni Musulmi ne, ban taɓa kai giya bakina ba, ba kuma zan kai ba. Amma akwai wata tambaya da ke yawan bijirowa a irin waɗannan rubuce-rubuce, wadda ta tsaya mini a rai: ta yaya mutum ke tashi daga mai ci ko mai sha kawai, ya koma mai shauƙin abin, har ya riƙa rarrabe abin da sauran mutane ke gani iri ɗaya ne? Masu ba da labarin kansu kan koma ga rana ɗaya, da kofi ɗaya, da wani mutum da ya ce musu su dakata su ji. Da na yi tunani sai na ga ashe ni ma ina da irin wannan rana. Tawa ta same ni ne a tsakar gidan gwaggona, a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, a gaban kwanoni uku na farar shinkafa.

Kwanoni Uku

A shekarar 2013 malaman jami'o'i suka shiga dogon yajin aiki, tun daga watan Yuli har zuwa Disamba. Zaman gida ya ishe ni, ni ma na ishi mutanen gida, sai mahaifina ya tura ni wurin yayarsa in taimaka da aikin kaka. A cikin birnin Kano na tashi, a gidan ma'aikacin gwamnati, inda idan aka ce shinkafa to 'yar waje ake nufi, doguwa, fara tas, wadda ake shigowa da ita daga Tailan. 'Yar Hausa kuwa ta tuwo ce, ko ta ƙarshen wata idan aljihu ya yi sanyi. Da wannan ra'ayi na sauka a Karfi, na hau babur zuwa ƙauyen.

Sana'ar Gwaggo gumi ce. Takan sayi shanshera daga hannun manoma, ta jiƙa, ta turara a ganga, ta shanya, sannan a kai inji a Kura a cashe, ta sayar wa masu awo. A dare na uku, ana cin abinci, na ji tana faɗa da ɗanta a kan ya sayo mata buhu biyu daga gonar da ba ta so. Sai na tsoma baki, da irin ƙarfin halin ɗan aji uku a jami'a, na ce, "Gwaggo, ai shinkafa shinkafa ce, miya ce ke bambanta ta." Ba ta ce mini uffan ba.

Washegari da hantsi ta kira ni. Na tarar da kwanoni uku a kan tabarma, kowanne da dafaffiyar shinkafa kamar cokali biyar, ba mai, ba gishiri, sai moɗar ruwa a gefe.

"Zauna, ɗan boko," in ji ta. "Ci wannan, ka kurkure baki, ka ci wancan."

Na cinye, na ɗaga kai.

"Me ka ji?"

"Shinkafa na ji, Gwaggo."

Ta yi dariya har da tafa hannu. "Ai ba ci na ce ka yi ba, ɗan nan, ji na ce ka yi. Kana haɗiya kamar kaza ta samu tsaba. Bar lomar ta jima a bakinka, ka tauna a hankali, ka rufe baki ka fitar da numfashi ta hanci."

Ta ƙaro wata, na sake. A kwano na tsakiya sai na ji wani abu can bayan harshe, kamar an soya gyaɗa a gidan maƙwabta iska ta kawo. Na ce mata akwai wani abu kamar gyaɗa.

"Garɗi ke nan," in ji ta. "Wannan ta bara ce, ta shekara a ɗaki. Ta farkon sabuwa ce, shi ya sa ka ji danƙo da ƙamshin ɗanyen haki. Ta ukun kuwa wata ce ta bar ta ta wuce lokaci a ruwa, ta ɗauki yami. Ko kyauta aka ba ni ba na haɗa ta da tawa."

Na san kalmar garɗi tun ina yaro, har na taɓa rubuta ta a jarrabawa a matsayin misalin suna. Amma sai a wannan hantsi kalmar ta haɗu da abin da take nufi a bakina. Daga baya na karanta cewa yawancin abin da muke kira ɗanɗano, ƙamshi ne da ke bi ta bayan baki ya hau hanci, shi ya sa mai mura ba ya jin daɗin abinci. Gwaggo ba ta taɓa shiga aji ba, amma dabarar da ta koya mini ta fitar da numfashi ta hanci, ita ce dai ake koya wa masu gwajin shayi da gahawa da giyar inabi a makarantunsu.

Ƙasa da Ruwa da Lokaci

Tun daga ranar na zama ɗan rakiyarta zuwa sayen shanshera. A nan na ga cewa abin da ta sani ya wuce tukunya. Takan ɗebi ƙwaya kaɗan ta murza a tafin hannu, ta busa ɓuntun, ta ɗaga ƙwayar ta duba a rana, sannan ta gatsa da haƙorin gaba. Idan ta ji ƙas, ta bushe. Idan ta lotsa, da sauran danshi, buhun zai yi nauyin ƙarya ya kuma yi fumfuna. Kafin ta tambayi farashi takan tambayi inda gonar take, laka ce ko jigawa, kusa da babbar magudana take ko can ƙarshe inda ruwa ke isa a makare, kuma ta damina ce ko ta rani.

Faransawa suna da kalma guda da ta tattara wannan tunani, wato terroir: cewa ƙasa da ruwa da yanayi da hannun manomi suna barin alama a cikin ɗanɗanon abin da aka noma. A kansa suka gina doka da kasuwa. A 1855 aka jera gonakin inabin Bodo daraja-daraja bisa umarnin Napoliyon na Uku, a 1935 aka kafa tsarin kare sunan yankin da kaya suka fito, a 2015 kuma UNESCO ta sanya gonakin inabin Bagandi cikin kayan tarihin duniya. Su ɗaruruwan shekaru suka ɗauka suna tara wannan sani.

Na ƙasar Kura kuwa ɗanye ne shakaf. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kuma kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976. Kashi na farko na shirin noman rani na Kogin Kano an tsara shi ne ya shayar da hekta 22,000, ruwan yana gangarowa da kansa ta magudanai zuwa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam. Gwaggo ta tuna lokacin da gero da dawa da gyaɗa ne abin nomawa, shinkafa sai ɗan abin da aka samu a fadama. Ire-iren da suka mamaye gonakin yanzu, irin su Sipi, wadda masana aikin gona ke kira FARO 44, da Jamila, baƙi ne. Ko asalin jinsinsu na Asiya ne, ba irin jar shinkafar Afirka ba, wadda aka fara nomawa a yankin Kogin Kwara na ƙasar Mali kimanin shekaru 3,000 da suka wuce. Ke nan a cikin ƙasa da shekaru hamsin matan wannan yanki suka gina ilimin ɗanɗano sukutum a kan amfanin gonar da iyayensu ba su saba da shi ba, ba tare da littafi ko hukuma ba.

Da na koma jami'a na bi wasu daga cikin maganganunta na auna su da abin da masana kimiyyar abinci suka tabbatar. Ta ce tsohuwar shinkafa ta fi auki, ta fi yin warara. Haka abin yake, domin ajiya tana sauya yadda ƙwayar ke shan ruwa, shi ya sa ma a Indiya da Pakistan ake ajiye basmati ta shekara kafin a sayar da ita da tsada. Ta ce shinkafar da ta nuna a tsakiyar zafin bazara ta fi karyewa a inji, kuma takan fito da wani farin tabo a tsakiyar ƙwaya. Wannan ma tabbatacce ne, zafi mai yawa a lokacin da ƙwaya ke cika yana hana sitacin tsaruwa da kyau. Ita cikin raha takan kira irin wannan ƙwaya "mai farin ciki", ta ce shi kaɗai ne farin cikin da ba a so.

Gaskiya kuma ta wajabta in faɗi inda harshen nata ya gaza. Wata rana ni da ɗanta muka shirya mata gwaji a ɓoye: muka sa aka dafa shinkafar gonar da ta ƙi, muka ce ta gonar da take so ce. Ta yaba. Da muka tona, ta kore mu da muciya, ta ce mun ci amanar tsohuwa. Sabuwa da tsohuwa, ko ta rani da ta damina, ba ta taɓa kuskure a gabana ba. Amma bambancin gona da gona wani lokaci sanin mai gonar ne ke yi mata jagora. Wannan bai rage mata daraja a idona ba, domin Lehrer ma ta gano cewa mashaya giyar inabi sukan kasa gane abin da ɗan'uwansu ya siffanta, ko da kalmomi ɗaya suke amfani da su. Ɗanɗano ilimi ne na gaske, amma yana tafe da amana da sabo da son rai, a Kura da Bodo baki ɗaya.

Shingen Santi

Tambayar da ta dame ni ita ce: me ya sa na kai shekara ashirin da 'yan kai ina cin shinkafa ba wanda ya taɓa buɗe mini wannan ƙofa? Amsar da na samu tana cikin al'adarmu ta cin abinci. Bature mai shauƙin giyar inabi a kan teburi yake baje kolin saninsa, yana juya kofi yana siffantawa, ana yaba masa. Bahaushe kuwa an hore shi da kame baki a gaban akushi. Wanda daɗin abinci ya sa ya saki magana, an ce ya yi santi, kuma za a daɗe ana tsokanarsa. Mun tashi da jin cewa kwaɗayi mabuɗin wahala ne, kuma kunya ta hana mutum nuna cewa abinci ya rinjaye shi, balle a gidan surukai.

Wannan tarbiyya tana da kyawunta, amma ta sa wasu manazarta, har da ni a da, zaton cewa Bahaushe bai damu da zurfafa bayanin ɗanɗano ba. Abin da na gani a ƙasar Kura ya nuna mini cewa bayanin yana nan, wurin zamansa ne daban. Ana yin sa a bakin buhu lokacin ciniki, da bakin ganga lokacin turare, da tsakanin uwa da 'yarta a madafa. A waɗannan wurare siffanta ɗanɗano aiki ne, don haka ba a kiransa santi. Ita kanta Gwaggo ba a lokacin cin abinci ta koya mini ba. Sai da ta ware hantsi, ta cire mai da gishiri, ta mayar da kwanon ya zama allo. Mai binciken da ya tsaya a zaure yana tambayar maza ba zai taɓa jin wannan ba, domin yawancin masu ilimin mata ne, kuma a cikin gida suke.

Kalmomin da ke Hannunmu

Harshen kansa shaida ne. Tun a 1955 F. W. Parsons ya ja hankalin masana ga wani rukunin sunaye a Hausa masu bayyana abin da gaɓoɓin ji ke riska, waɗanda ke da siga ɗaya: gaɓa biyu, ta farko mai nauyi, karin sauti sama-sama, da dogon wasalin i a ƙarshe. Paul Newman ya ware musu babi a babban littafinsa na nahawun Hausa na 2000. A cikinsu akwai zaƙi da ɗaci da tsami da bauri da garɗi da zartsi, akwai ƙamshi da wari da ƙauri da ƙarni, akwai santsi da taushi da tauri. Daga gare su ake samun siffofi irin su zazzaƙa da tattausa. Harshen da ya keɓe wa ɗanɗano da ƙamshi tsarin ƙirar kalma na musamman ba za a ce masu shi ba su kula da su ba. Ga kuma aikatau ji, wanda ya haɗa sauraro da ɗanɗanawa da shaƙa da fahimta. Da Gwaggo ta ce "ji na ce ka yi", duk huɗun take nufi.

Akwai abin lura idan aka kwatanta. A 1984 Ann Noble ta Jami'ar Kalifoniya da ke Debis ta fitar da wani jadawali mai siffar da'ira domin daidaita kalmomin siffanta ƙamshin giyar inabi, kuma kusan dukkansu aron sunan wani abu ne: 'ya'yan itace, fure, katako, kayan yaji. Hausa kuwa tana da kalmomi tsayayyu da ba su jingina da wani abu ba. Abin nan da ke ɗaure harshe a cikin goro ko ɗanyen ɗan itace, wanda masu giyar inabi ke dogon bayani a kansa, Bahaushe ya gama da shi da kalma ɗaya: bauri.

Sai dai ƙamusoshinmu, tun daga na Bargery na 1934 har zuwa Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, aikinsu ba da ma'ana ne a taƙaice. Ba a nan za a ga yadda mai gumi ke raba garɗin tsufa da garɗin da wuta ta jawo ba, ko iyakar da ke tsakanin yami da tsami, ko abin da take nufi idan ta ce shinkafa "ba ta da baya", wato daɗinta yana ƙarewa da zarar an haɗiye. Irin wannan sai an zauna da masu shi, da kwano a gaba.

Abin da ke Salwanta

Na koma yankin domin aikin kundina bayan an rufe iyakokin ƙasa na tudu a watan Agustan 2019. Kasuwar shinkafar gida ta buɗe, manyan injina sun yawaita a Kano, dillalai suna bin gonaki suna kwashe shanshera tun kafin ta gama bushewa. Ba zan musanta alherin da ke cikin wannan ba: manomi ya samu kuɗi, kuma an raba 'yar Hausa da tsakuwar da ta daɗe tana zubar mata da mutunci. Amma babban inji ba ya tambayar laka ko jigawa. Yana haɗa ta gona ɗari wuri ɗaya, ya goge ta har ta yi ƙyalli, domin ma'aunin da mai saye na birni ya sani shi ne fari da tsawo, wato kamannin 'yar waje. Shinkafar ta ci kasuwa ne ta hanyar ɓoye asalinta.

Abin ya fi yi mini ciwo da na tuna cewa sunan Kura ya taɓa zama hatimin inganci. Philip Shea ya nuna a kundinsa na 1975 yadda rini da bugun ƙasar Kano suka ciyar da kasuwannin nesa a ƙarni na 19, kuma har yau rawani ɗan Kura sananne ne a wurin Buzaye da sarakuna. Garin da ya taɓa sa mutanen Sahara su nemi kaya da sunansa, yau shinkafarsa tana fita a buhun da ba ya ambatonsa.

Wani zai ce a lokacin da kwanon shinkafa ya gagari talaka, maganar garɗi ai santi ce irin ta ƙosassu. Ni ma na yi wa kaina wannan tuhuma. Amma a hannun Gwaggo na ga cewa talaka ya fi kowa buƙatar wannan sani. Matar da ta iya gane tsohuwa mai auki za ta ciyar da mutum goma da abin da wata za ta ciyar da takwas. Wadda ta iya gatsa ƙwaya ba za a sayar mata da ruwa a farashin hatsi ba. Da wannan harshe Gwaggo ta aurar da 'ya'yanta, ta kuma dafa wa wasunmu a karatu.

Kammalawa

Gwaggo ta rasu kafin in kare kundina, Allah ya jiƙanta da rahama. Abin da na naɗa daga bakinta bai kai awa uku ba, domin a lokacin ina ganin akwai gobe. Daga cikin jikokinta mata babu wadda ta ɗauki gumi. Wannan ne ya sa nake roƙon abokan nazari, musamman ɗalibai mata da ke da damar shiga inda mu maza ba ma shiga, su ɗauki kalmomin ɗanɗano da ƙamshi a matsayin fagen bincike mai zaman kansa: a wurin masu gumi, da masu fura da nono, da masu daddawa, da masu kilishi, da masu haɗa turaren wuta. A naɗi kalmar tare da abin da aka ɗanɗana, da wanda ya faɗe ta, da inda aka faɗe ta.

Amsar da na samu ga tambayar da na fara da ita kuwa ita ce, shauƙin ɗanɗano yana farawa ne a ranar da wani wanda ya sani ya tsayar da kai, ya sa ka jinkirta haɗiya, ya kuma ba ka sunan abin da ka ji. Ingancin abin da ke cikin kwanon yana da muhimmanci, amma na shekara ashirin ina cin mai kyau da maras kyau ban bambance ba.

A kakar bara na tsaya a Kura zan sayi shinkafar gida. Na ɗebi ƙwaya na murza, na ɗaga ta a rana, na gatsa, na ce wa mai awon wannan ta rani ce, ya kawo mini ta damina in akwai ta bara. Dattijon ya dube ni, ya dubi takalmina da jakar kwamfutar da ke kafaɗata, sannan ya ce, "Malam, kai ɗan gidan wa ne a nan?" Na faɗa masa sunan ƙauyen da sana'ar Gwaggo. Ya yi mata addu'a, ya shiga can cikin rumfa ya jawo wani buhu da bai fito da shi gaba ba.